Jeren Mma da Siton Katako

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Mma ta riga mu tafiya wata Talata da hantsi, a gidanta na unguwar Nima, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Uwar mijina ce. Ni ce matar ɗanta na fari, wanda ya riga ta rasuwa da shekaru, kuma har yau Amarya ake kirana a gidan, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina.

Kafin a gama yi mata wanka gida ya cika har waje. Ga 'yan dakon tashar Tudu da suka daɗe suna karya kumallo da kokonta, ga mahautan Sabon Zongo, ga matan unguwar Mamobi suna ta shigowa da mayafansu. Wani tsohon kafinta ɗan ƙabilar Ga, wanda ba Musulmi ba ne, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, aka ba shi benci ya ƙi zama. Da aka fita da ita ya bi bayan maza har bakin titi. Sannan ya dawo tsakar gida, ya je ya dafa bangon siton katakon da ke kusa da murhu, ya ɗan girgiza shi don ya ji ko yana nan daram. Shi ya kafa shi da hannunsa.

Masu ta'aziyya sun faɗi alheri mai yawa, na kuma gode musu. Amma akwai wadda ta ce, Allah sarki, baiwar Allah mai sanyin hali, ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Sai da na danne dariya a tsakiyar hawaye. Kada a yi wa Mma ƙarya bayan ranta. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu cikin ƙosanta kafin ta ba shi ya san zafin bayan ludayi. Abin da Allah Ya ba ta kafiya ce. In ta sa abu a gaba, gara ka matsa mata hanya tun da wuri, ka huta ita ma ta huta.

Kamar yadda aka saba, maƙwabta suka yi ta aiko da abinci gidan rasuwa, ni kuma na kama wanke-wanke. A unguwarmu kowace mace tana ɗiga wa gindin kwanonta fenti don kada ya ɓace a gidan biki. Alamar Mma ɗigo uku ne na shuɗin fenti. Na kife wata langa da ta zo daga Mamobi, sai ga shuɗin ɗigo uku, a gefensu an ƙara jan ɗigo na mai ita ta yanzu. Na kife wata samira daga gidan wani ɗan dako, ita ma haka. Na kife faranti, haka. Na zauna a bakin magudana da soso a hannu na yi kukan da ban yi ba lokacin da aka fita da gawar. Labarin kwanukan nan nake so kada ya bi ta kabari, domin saboda ni da 'ya'yana suka bar ɗakinsu.

Mma ta zo ƙasar nan tana yarinya, tare da iyayenta fataken goro. Da koko da ƙosai ta gina gidan Nima, ɗaki bayan ɗaki. Biyu ta zuba 'yan haya masu iyali. Nata kuwa ƙurya ce da gado kawai ke shiga, sai babban ɗaki a gabanta, wanda ba mai kwana a cikinsa sai jere. Wanda bai san jeren matan Zongo ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Tun daga ƙasa har kusa da rufi kwanuka ne, babba a ƙasa ƙarami a kansa, masu jan fure, masu dawisu, farare masu baƙin baki. Ga tasoshin tagulla na uwarta da aka ɗauko a kan jaki tun daga ƙasar Hausa. Ga fanteka, ga kumbo, ga akwatuna da adudu cike da zannuwan da ba a taɓa ɗaurawa ba. 'Yar hanya ce kawai aka bari a tsakiya, ita ma sai ka karkace. Duk Alhamis ake sauke su a goge a mayar. Ranar Salla mata har daga Adabraka suke zuwa gaisuwa, bakinsu na barka da Salla idonsu na kan bango. Wannan ɗaki shi ne mutuncin Mma a idon mata, kuma ta sani sarai.

Mijina direba ne a tashar Tudu. Muna zaune a ɗakin da mai motar ya ba shi a bayan tashar. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ciwon ciki ya kwantar da shi, cikin 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abinSa. Ya bar ni da namiji da ya fara zuwa allo, da mace mai bi masa, da jaririya a goye. Mai motar ya yi mana mutunci daidai gwargwado, amma ɗakin na direba ne, sabon direba kuma yana jira da iyalinsa. Dole na tashi ina cikin takaba.

Baffana ya zo daga Salaga, garinmu, don ya tafi da ni. Aka zauna a tsakar gidan Mma aka yanke magana a gabana kamar ba na wurin. Namijin zai bi ƙanen mijina zuwa garin Takoradi. Macen za ta koma hannun ƙanwar mijina a Mamobi, wadda nake kira Yaya don ta girme ni. Ta goye za ta bi ni Salaga, in an yaye ta a dawo da ita wurin dangin uba. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu, haka aka saba yi. Ni dai na sunkuyar da kai, na ji kamar ana yanka ni ana raba naman.

Mma ba ta yi kukan ɗanta a gaban kowa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira ba, mai mota take ce masa. Tana zaune tana tsince wake har aka gama magana. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, yaran ba inda za su je, uwarsu ma haka. Baffa ya ce a ina za su zauna? Shi ba zai bar 'yar ɗan'uwansa mai takaba ta kwanta a tsakanin kwanuka kamar kyanwa ba. In akwai ɗaki mai ƙofa, wanda za a ce nata ne, a nuna masa kafin motar Juma'a. In babu, a yi haƙuri.

"Za ka ga ɗaki," in ji Mma. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kowa ya ɗauka ɗan haya za ta tasa. Ba ta ko kalli wajensu ba, ta ce su ma da 'ya'ya suke kwana. Washegari da ta dawo daga sayar da koko sai ga ta da wannan kafinta a bayanta. Ta kai shi kusa da murhu, inda take ajiye itace, inda kuma inuwar darbejiya ke sauka da rana, wurin da ta fi son zama a duk gidan. Ta ja layi da ƙafarta a ƙasa. Ta ce daga nan zuwa nan take son sito, mai ƙofa da kwaɗo, mai kantoci a ciki har sama, kuma kafin Alhamis.

Kafinta ya ce ba zai yiwu ba, ba katako, lokaci kuma ya ƙure. Akwai wata kalma da Mma ke yi duk lokacin da aka ce mata abu ya yi nauyi. Takan ce, "Ku ɗaga tukuna." Ita ta faɗa masa. Da azahar ta ɗauki 'yan dakonta biyu ta nufi kantunan Adabraka, ta dawo da su ɗauke da manyan akwatunan katako da ake zubo kaya a ciki daga jirgin ruwa. Tsohon kwanon rufi kuma ta samo shi wurin wani maƙwabci da ya sake rufin ɗakinsa. Har yau in ka duba bangon siton za ka ga baƙin rubutun Turawa, wani a miƙe wani a kife.

Ta tsaya a kansa kamar ita ce kafintan. Ya so ya dasa siton a ƙasa, ta ce a'a, ta san ruwan Nima, in ya sauko ta tsakar gidan nan yake bi kafin ya faɗa babban kwata. Ta sa ya ɗora shi a kan duwatsu har tsayin gwiwa. Ta aika Tudu aka karɓo mata baƙin mai na mota, ta shafe ƙafafun da shi saboda gara. Suka yi ta faɗa, shi da guntuwar Hausarsa ita da guntun Ga ɗinta. Sau biyu yana tattara kayan aikinsa zai tafi, sau biyu tana ajiye masa kwanon koko mai zafi a gabansa ba tare da ta ce ya zauna ba.

Kafin a buga rufi labari ya gama Nima da Mamobi. Wasu suka ce Mma ta karye, kayanta za ta sayar a ɓoye. Wasu suka ce mutuwar ɗanta ta taɓa mata kai. Wata ƙawarta ta zo takanas ta ja ta gefe, ta ce mace mai shekarunta ba ta fitar da jerenta waje kamar itacen girki, me za ta nuna wa baƙi ranar Salla? Mma ta ce za ta nuna musu jikokinta.

Ranar da aka fara kwasa ina zaune a kan tabarma a bakin ƙurya, da jaririya a cinya, ba abin da aka bari na taɓa. Na ga yadda ta yi. Duk kwanon da aka sauke sai ta juya shi a hannu ta tambayi kanta da ƙarfi wa ya ci abinci a cikinsa tun Sallar bara. In akwai, ya tsaya wajen murhu. In babu, a shafa masa man gyaɗa saboda iskar teku mai sa tsatsa, a naɗe shi a tsohon buhu, a kai sito. Waɗanda suka tsaya ba su cika fanteka ɗaya ba. Abin da ya fito daga bayan jeren kuwa ya ba kowa dariya, har ni mai takaba. Ga laimar marigayi mijinta ba yadi sai ƙarafa. Ga fitilar da ba ta da gilashi. A cikin adudu na ƙasa ɓera ya yi gida a tsakiyar wani zane mai tsada, ya haihu, 'ya'yansa ma sun haihu. Mma ta ɗaga zanen, rana na leƙowa ta ramukansa. Ta ce ashe tun tuni tana da 'yan haya a ɗakin nan, ba su dai taɓa gaishe ta ba.

Ana cikin haka Yaya ta iso daga Mamobi, mayafinta a hannu don sauri. Ina so a yi wa Yaya adalci a wannan labari, ko da yake ni da ita mun daɗe ba ma shan inuwa ɗaya. A cikin jeren nan ta girma. Ita ke goge shi duk Alhamis tun hannunta bai kai kanta na biyu ba, ita ce kuma take ɗiga shuɗin fentin da tsinke duk lokacin da aka sayo sabon kwano. An sha gaya mata na 'ya'yanta ne in sun tashi aure. A ranar kuma an yi mata habaici a kasuwa. Ta roƙi Mma, ta yi kuka, ta ce a kawo yarinyar wurinta za ta riƙe ta kamar tata. Mma ta yi kunnen uwar shegu, ta rungumi tasoshi ta shige sito.

Sai Yaya ta juyo kaina. Ta rage murya, amma bangon katako ba ya tare magana.

"Amarya, aro ne aka ba ki, kin ji? Ba kyauta ba ne kuraa, ko kaɗan. Na rantse da Allah, ran da babu Mma kayan nan za su koma ɗakinsu."

Daga cikin sito ƙarar tasoshi ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Mma ta fito tana kaɗe zane, ta tambayi Yaya ko ta ci abinci.

Baffa ya zo ranar Alhamis da la'asar. Ɗakin wayam, an share an yayyafa ruwa, bangon duk zanen inda kwanuka suka jingina shekara da shekaru. Gadon ƙarfena a gefe, tabarmar yara, randa, fitila. Ya shiga ya fita, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya duba rufi, yana neman aibi bai samu ba. Mma ta kwance mabuɗin ɗakin daga bakin zanenta ta sa a hannuna a gabansa. Ya ce Allah Ya saka da alheri. Ran Juma'a ya hau mota shi kaɗai. Na kwana da 'ya'yana uku a ɗaki ɗaya, ƙafar wannan a cikina hannun wancan a wuyana, kuma ban taɓa jin daɗin matsi irin na ranar ba.

Ba a tashi lafiya ba. Ruwan farko na damina ya sauko da rana tsaka, irin wanda ke tafiya da bencin mutane. Ƙasan siton bai jiƙe ba, duwatsun sun yi aikinsu, amma tsohon kwanon rufin duk ramukan ƙusa ne. Mma ta fita cikin ruwan ba mayafi, ta sa aka jingina mata tsani, ɗan haya na roƙonta ta sauko tana ce masa ya miƙo buhu. Duk da haka ruwa ya sami kanta na sama. Bayan kwanaki da ta kwance buhunan, tsatsa ta ci bakin wasu masu jan fure, daga cikin waɗanda ta fi so. Yaya ta zo ta gani, ta kalle ni, kallon da na gwammace zagi a kansa. Mma ta zauna da toka da soso ta yini tana gurza. Da yamma ta aika a kira kafinta, ta wanke shi tas, ta ba shi koko, ya toshe ramukan da kwalta.

Da na fita takaba na kama sana'a tare da ita, ina suya tana damu. Maneman aure sun zo, na ce a'a, ita kuma ba ta taɓa matsa mini ba ta kowane gefe. Yara suka yi ta girma. Amma rantsuwar Yaya tana nan a raina kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Na san jikokin da ubansu ya riga uwarsa rasuwa ba su da rabo in akwai ɗa a raye, na kuma san ƙanen mijina ba ya tsallake maganar Yaya. Duk lokacin da Mma ta yi tari sai gabana ya faɗi. Ina jin tsoron rasa ta, ina kuma jin tsoron rasa ɗakin, kuma ban iya raba tsoron biyu ba.

Mabuɗin sito a wuyanta yake, a igiya ɗaya da layarta. Ba mai shiga sai ita. Da 'ya'yan Yaya mata suka tashi aure, ta yi wa kowacce jere na gani na faɗa daga ciki, har Yaya ta rasa bakin magana. Daga nan na fara lura da wani abu. In an sa ranar 'yar wani ɗan dako, ko marainiya, ko 'yar mai haya, sai Mma ta kira uwar ko mai riƙon, su tsaya a bakin sito, matar ta tafi da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Lokacin da kayan ke ɗaki ba ta iya haka, don kwano ɗaya ya fita sai giɓinsa ya nuna, mata su yi ta tambaya. A sito ba mai ganin giɓi. In ta buɗe ƙofa, abin da ido ke fara gani layi ne na langa masu dawisu a kantan gaba, suna ƙyalli, bayansu akwatuna a rufe. Kowa ya ɗauka maƙil yake.

Na taɓa yi mata magana. Na ce Mma, a rage, kada gobe a ce ni na cinye. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dai je ki share ɗakinki." Na yi fushi na kwana biyu ina gaishe ta a taƙaice. Ko a jikinta.

Sai a jinyarta ta ƙarshe ta buɗe mini ciki. Ina shafa mata man zafi a ƙafa da rana, gidan shiru, yara sun tafi makaranta. Ta ce ta ji abin da Yaya ta faɗa ranar kwasar kaya, ba kuma ta manta ba ko na yini ɗaya. Ta ce ba ta ga laifinta ba, ita ta koya mata son kayan. Amma 'yarta ce, ta san ta, in ta rantse sai ta cika.

"Ban iya hana ta cika rantsuwa ba," in ji ta. "Abin da za ta mayar ne na rage mata."

Ta ce in ba Yaya mabuɗin da hannuna, kada in buɗe kafin ita. Na yi mata alkawari.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka ragu, na cire igiyar daga inda na adana ta na miƙa wa Yaya a tsakar gida, a gaban ƙanen mijina. Ta buɗe kwaɗo ta hau dutsen bakin ƙofa. Ta sauke layin masu dawisu, ba su fi a rungume su a hannu biyu ba. Ta jawo akwatin farko, ya taho mata da sauƙi har ta kusa faɗuwa. Ta buɗe, tsofaffin buhuna ne a ninke. Na biyu haka. Ta yi ta buɗewa har ta kai bango. A na ƙarshe ne kawai ta sami babbar tasar tagulla ta kakarta, an goge ta an naɗe a farin ƙyalle, a cikinta tsohon gwangwanin shuɗin fenti da ya bushe, da tsinken da take ɗigawa da shi tana yarinya.

Ta fito da tasar a ƙirji, fuskarta ba annuri. Ta tambaye ni ina kayan. Na nuna mata bakin magudana, inda na kife kwanukan abincin sadaka suna jiran masu su. Ta je ta tsuguna. Ba sai ta juya su ba, gindinsu na sama. Ta sa yatsa a kan ɗigon farko, sannan na gaba, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon hannunta ne a kan kowanne. Ta daɗe a tsugune har ƙanenta ya kira ta ba ta waiga ba.

Da ta miƙe ta share fuska da gefen mayafi, ta ce tsohuwar nan ta gama da ita paa, gaba ɗaya. Ta miƙa wa ƙanenta tasar ya riƙe mata. Ta rungumi masu dawisun, ta nufi ɗakina ba sallama. Na bi ta. Ta ture kayan ɗinkin 'yata daga kan ɗan kantan da ke jikin taga, ta jera su, babba a ƙasa ƙarami a kansa, ta ja baya ta duba, ta gyara ɗaya da ya karkace.

"Na rantse za su koma, ga su sun koma," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Duk Alhamis ake goge su, Amarya. Zan riƙa zuwa ina dubawa."

Ta ajiye mini mabuɗin siton a kan gado ta fita.

Tana zuwa kuwa. Alhamis ɗin da ta wuce ta shafa yatsa a bayan ɗaya ta nuna mini ƙura, muka yi 'yar cacar baki, sannan ta zauna ta sha koko. Siton yana nan, na zuba geron sana'a a ciki da buhunan gawayi. Kanta ɗaya na bari ba komai, na fara ajiye kwano ɗaya-ɗaya in na samu hali, ba na 'ya'yana kaɗai ba. Rufin ya soma yoyo ta kusurwar gabas, na aika wa kafinta, ya ce ya tsufa ba ya iya hawa tsani. Na aika a gaya masa ya ɗaga tukuna, kokonsa na jiransa.

Allah Ya jiƙan Mma, Ya yafe mata zafin ludayinta. Ta matsa ta ba mu wuri a duniya, Allah Ya yalwata mata nata makwancin.